Kwas ya ƙare, yanzu ina za mu riƙa haɗuwa?

Sadiya (Aboabo): Salamu alaikum jama'ar aji, iyayena da yayyena da ƙannena, da fatan kowa ya wuni lafiya. Na san kun ga saƙon da masu kwas suka turo ta imel jiya, wanda bai gani ba ya duba, sun ce ƙarshen watan nan za su rufe mana shafin karatu, ma'ana bidiyon darussa da takardun da Madam ta sa mana da wurin da muke tambaya duk ba za mu ƙara shiga ba. Ni wlh tun jiya abin ke damuna, sati 12 muna tare mu 43 muna koyon lissafin kasuwanci, wasunku ban taɓa ganinku ba sai a ɗan akwatin nan na Zoom amma na san muryar kowa, na san wanda yaransa ke kuka a bayansa da wanda ke shiga aji daga cikin shago. Ba na so mu karɓi satifiket kawai kowa ya kama gabansa. To ina za mu riƙa haɗuwa, kuma kayan karatun nan ina za mu ajiye? Kowa ya faɗi nasa dan Allah.

Malam Awudu (Asawase): Wa alaikumus salam. Allah ya yi miki albarka 'yata, magana ce mai kyau. Muna saurare.

Nura (Madina): Wslm Anti Sadiya. Ni dai gaskiya zan faɗa ko ba daɗi, wannan shi ne kwas na uku da na yi ta intanet kuma duk ukun an yi irin wannan maganar. Sati biyu na farko gurup ya cika da surutu, wata na biyu sai hoton barka da Juma'a, wata na uku sai talla da bidiyon da aka turo daga wani wuri, na ƙarshen ma siyasa ce ta kashe shi lokacin zaɓen Disamba 2024, mutane biyu suka zagi juna har iyaye rabin gurup ya fita. Ba wai ba na son zumunci ba ne, amma abin da ya haɗa mu shi ne aji, aji kuwa ya ƙare. Wanda ya shaƙu da wani ya ɗauki lambarsa kawai.

Bashiru (Nima): Nura kana da gaskiya rabi. Amma matsalar kayan aiki ce ma, WhatsApp ba wurin ajiya ba ne koraa. Saƙo a wayarka yake zaune, ka sake waya ba ka yi bakof ba shikenan, kuma wanda ya shigo gurup bayan wata uku ba zai ga fayilolin da aka tura tun farko ba sai an sake turo masa. Ni shawarata mu koma Telegram. Can komai yana kan intanet ba cikin waya ba, admin zai iya saita shi yadda sabon shiga zai ga duk abin da aka yi a baya, fayil har 2GB yana shiga, kuma ana iya raba gurup ɗaya zuwa ɗakuna, ɗakin tambaya daban ɗakin talla daban ɗakin gaisuwa daban, mai son barka da Juma'a ya je ɗakinsa ya yi ba ya damun kowa.

Hajiya Mariya (Alabar), saƙon murya, Sadiya ta rubuta wa waɗanda ba su da datar saurara: Yarana sannunku. Ni dai kada ku kai ni wani sabon wuri. Wayar nan tawa kullum cewa take ta cika, jikana ne ke goge min abubuwa, wannan Zoom ɗin ma sai da na yi sati biyu kafin na gane inda ake buɗe murya. In kuka tafi Telegram ku sani kun bar ni a baya, kuma ba ni kaɗai ba, mu manya mun kai goma a ajin nan. Shekara talatin ina saida goro ban taɓa raba kuɗin gida da kuɗin sana'a ba sai a ajin nan, ba na so in rasa ku.

Bashiru (Nima): Ayya Hajiya a yi haƙuri, ba nufina a bar kowa ba. Zancen cikar waya kuma a ce wa jikan ya shiga saitin WhatsApp wurin ajiya da data ya kashe sauke hoto da bidiyo da kansa, shi ne ke cinye miki wuri da data gaba ɗaya.

Fusena (Tafo Zongo): Yaya Bashiru ni ina da Telegram amma wlh sai in yi wata ban buɗe ba. WhatsApp kuwa ko ina kan keken ɗinki ina jin ƙararsa saboda nan kwastomomi suke. Wurin da mutum ke buɗewa kullum shi ne wurin, ba wurin da ya fi kyau ba.

Iddirisu (Bronx): Salam jama'a, yanzu na tashi aiki. Ina goyon bayan Fusena. Kuma ku tuna su kansu kayan nan ba dawwama suke ba, shekara nawa muna kiran gida da Skype, a watan Mayu 2025 aka rufe shi baki ɗaya. A wurin aikina Slack, wata manhajar hira, muke amfani da shi, na kyauta ɗin saƙon kwana 90 kawai yake nuna maka, wanda ya wuce haka ba ka gani. Don haka duk inda muka zaɓa kar mu zuba komai a wuri ɗaya. Hira a WhatsApp, takardu a Google Drive, a sa linkin a bayanin gurup yadda ko wa ya shigo zai gani.

Sadiya (Aboabo): To kamar an fi yawa a kan mu zauna nan WhatsApp. Yaya Bashiru ka yarda?

Bashiru (Nima): Na yarda, ba zan yi jayayya da Hajiya ba. Amma zancen Drive sai mun yi lissafi. Kyauta 15GB ne kuma ba na Drive kaɗai ba, da Gmail da Google Photos duk cikinsa suke ci, kuma masu Android bakof ɗin WhatsApp ma yanzu cikin wannan 15 ɗin yake shiga. Bidiyon darasinmu 24 ne, na sauke ɗaya na gani ya kusa 500MB, kun ga wajen 12GB kenan, ba wanda zai iya ɗauka a akawun ɗinsa na kullum.

Sadiya (Aboabo): Ni nawa kusan wofi ne, ba na ajiye hoto, a zuba a nawa.

Fusena (Tafo Zongo): A'a Anti, dan Allah kar a yi haka, ba don ban yarda da ke ba. Bari in ba ku labarin abin da ya same mu. Shekara biyu da suka wuce na yi wani kwas na zanen kaya, muka buɗe folda kowa yana zuba nasa, wani yaro mai ƙoƙari sosai shi ya ɗora kusan duk fatun ɗin da muka yi da awon da bidiyon yanka, wata takwas muna amfani da su. Ranan na buɗe zan duba awon hannun riga sai na ga foldar nan fayau, muka kira shi yace wurinsa ne ya cika imel ya daina shigo masa shi ne ya goge manyan fayiloli, shi bai san namu ne za su tafi ba, a tunaninsa tunda suna cikin foldar gurup to na gurup ne. Ashe a Drive duk wanda ya ɗora fayil shi ne mai shi ko da a foldar wani ya sa, wurinsa yake ci, kuma in ya goge kwana 30 yake yi a kwandon shara sannan ya tafi gaba ɗaya, mu kuma ba mu lura ba sai bayan wata biyu. Yaron har kuka ya yi. Ba mugunta ba ce rashin sani ne, amma aikin ya tafi.

Malam Awudu (Asawase): Inna lillahi. Allah ya mayar da alheri.

Bashiru (Nima): Abin da Fusena ta faɗa haka yake daidai. Maganinsa a buɗe Gmail sabo na ajin kansa, ba na kowa ba, kuma duk abu mai muhimmanci daga cikin wannan akawun za a ɗora shi. Mutum uku su riƙe kalmar sirri. Sauran jama'a a ba su damar kallo kawai, su karanta su sauke amma ba su iya gogewa. Abu biyu za mu kula, na ɗaya lambar wayar da za a sa ta dawo da akawun in an manta, domin in ka shiga daga sabuwar waya Google yakan tura lamba can, to ta zama ta wanda ke ɗaukar waya ba wanda za a yi kwana uku ana nema ba. Na biyu akawun ɗin da aka bari shekara 2 ba a shiga ba Google na iya goge shi, sun fara wannan tun Disamba 2023, to a riƙa leƙawa.

Malam Awudu (Asawase): Ina da tambaya kafin a ci gaba. Waɗannan bidiyo da takardu da muke shirin kwashewa, an ba mu izini? Madam ta sha wahala a kansu, mu kuɗin sati 12 muka biya ba mu saye su ba. Ni a makaranta ko littafi ɗalibi zai kwafa sai ya tambayi mai shi. Kar mu fara zumunci da cin amana. A tambaye ta, in ta ce eh alhamdulillah, in ta ce a'a mu haƙura.

Nura (Madina): Malam ai kowa saukewa yake ba wanda ke tambaya.

Malam Awudu (Asawase): Na sani ɗana. Mu dai mu tambaya.

Sadiya (Aboabo): Gaskiya ban yi wannan tunanin ba, na gode Malam. Na tura mata saƙo yanzu.

Zuwera (Jidda): Slm, ina bin ku a hankali, aiki ne ba ya bari in yi magana. Ni abin da nake so a tattauna shi ne zancen lambobi. Na ga wani ya ce a yi jerin sunan kowa da lamba da unguwa da sana'a. Yana da amfani amma dan Allah a yi hankali, tun ana cikin aji akwai wanda ya ɗauki lambata daga gurup yana turo min saƙo da tsakar dare, ban faɗa ba saboda ba na son fitina, kuma na san ba ni kaɗai ba ce. In aka ƙara da unguwa da inda shagon mutum yake kuma aka bar linkin a buɗe duk wanda ya samu ya shiga, ni ba zan sa nawa ba.

Fusena (Tafo Zongo): Ba ke kaɗai ba ce 'yar'uwa.

Malam Awudu (Asawase): Subhanallah. Wanda ya yi wannan ya san kansa, ya ji tsoron Allah ya daina. Sadiya in aka ƙara kawo ƙara a cire mutum, ba sai an yi taro ba.

Iddirisu (Bronx): Zuwera ki yi haƙuri da abin da ya faru. Ga yadda za a yi, a yi fom da Google Forms, suna da sana'a da gari kawai su zama dole, sauran wanda ya ga dama. Amsoshin suna tafiya Sheets, takardar lissafi ta Google, kai tsaye, wannan takardar masu riƙe akawun ne kawai za su gani, sai su fitar da wata gajera mai suna da sana'a da gari ba lamba ba adireshi. Kana neman mai saida taya a Kumasi ka gani a jeri, ka yi masa magana a gurup a gaban kowa. Kuma kar a saita linki a kan duk mai linki ya shiga, a sa imel ɗin mutane ɗaya bayan ɗaya, mu 43 ne aikin rabin awa ne. Ghana ma tana da dokar kare bayanan mutane tun 2012, Act 843, ba abin wasa ba ne tara bayanan jama'a a watsar.

Bashiru (Nima): Tunda an zo nan bari in ƙara. Kowa ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp yau ɗin nan, lamba shida za ka zaɓa ka riƙe a kanka. Gurup irin namu su 'yan damfara ke nema, za a kira ka a ce daga masu kwas ne za a yi taron Zoom an turo maka lamba shida ka karanto, kana karantowa sun ɗauke akawun ɗinka, sai su shigo nan da sunanka da hotonka suna cewa uwarka na asibiti a taimaka da MoMo, wato a turo kuɗi ta waya. Ya faru da ƙanwar matata, kafin a gane mutum huɗu sun tura. Ba mai haɗa taro da zai nemi wannan lambar, ba shi. In abu ya faru ana kiran 292, hukumar tsaron intanet ta ƙasa ce. Kuma wanda zai sake layi ya yi amfani da wurin sauya lamba na cikin saitin, lokacin rajistar SIM da katin ɗan ƙasa Ghana Card da aka toshe layuka a 2023 gurup da yawa haka suka rasa mutane ba wanda ya san inda suka shiga.

Kawu Tanko (Suame Magazine): Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa hannuna da baƙin mai ban iya rubutu ba. Duk abin da kuka faɗa na folda da lamba yana da kyau amma ba wanda ya amsa wa Nura, kuma yaron nan gaskiya ya faɗa. Ku tambayi kanku me ya sa muke buɗe gurup ɗin nan kullum sati 12. Ba don muna son juna ba ne da farko, ba mu ma san juna ba. Don ranar Alhamis akwai aikin da za a miƙa ne, kuma in lissafinka bai daidaita ba dole ka nemi wani. Ni haka na san Iddirisu, ƙarfe ɗayan dare ina fama da shafin bashi shi kuma lokacin ya tashi aiki, ya zauna da ni har muka gano sidi 340 da na rubuta sau biyu. Yanzu an cire ranar Alhamis. In ba mu sa wani abu a wurinta ba ko wace irin folda kuka gina za ta zama kamar shagon da aka yi wa fenti ba kaya a ciki.

Nura (Madina): Yauwa Kawu, abin da nake nufi kenan ban iya faɗa ba.

Kawu Tanko (Suame Magazine): To ga nawa. Duk ƙarshen wata kowa dole ya rufe littafinsa, abin da aka koya mana kenan, kuma na rantse in ba wanda zai tambaye ni wata biyu zan koma yadda nake da, kuɗi a aljihu lissafi a ka. Mu raba kanmu uku uku. Kowane uku su duba wa juna rufin wata. Ba sai ka nuna wa aji duka cinikinka ba, mutum biyu kawai da ka yarda da su, ka ba su damar kallon takardarka ta Sheets su yi maka sharhi a gefe. Wanda bai rufe ba zuwa 5 ga wata 'yan ukunsa su kira shi a waya, ba saƙo ba, kira.

Hajiya Mariya (Alabar), saƙon murya: Alhaji Tanko Allah ya biya ka. Ni nawa a littafin takarda nake yi, zan iya ɗaukar hotonsa in tura? Kuma a haɗa ni da mata.

Sadiya (Aboabo): Sosai Hajiya, hoto ya isa. Ni zan shiga ukunki in kin yarda, Alabar ba nisa, in ya kama in zo da ƙafata.

Fusena (Tafo Zongo): Hajiya ɗaukar hoton ma kariya ce. Gobarar kasuwar Adum ta watan Maris 2025 maƙwabciyarmu ba kaya kaɗai ta rasa ba har littafin masu bashi, har yau akwai waɗanda ba ta iya tuna nawa take binsu. Kafin nan Kantamanto a farkon Janairu, kafin nan Kejetia a 2023. Duk wanda ke kasuwa ya san wuta ba ta sallama. Hoton shafi ɗaya duk sati a Drive ba ya cin komai.

Bashiru (Nima): Kuma Sheets yana da tarihin gyara, in ka goge layi bisa kuskure ana komawa yadda yake jiya ko makon jiya, ana ganin wanda ya taɓa. A waya ma za ka iya saita takardar ta buɗe ba data, ka rubuta lokacin da aka ɗauke wuta ko netwok ya gudu, in ya dawo ta haɗe da kanta.

Nura (Madina): Wannan na ukun ya shige ni. Amma in ɗaya ya yi sanyi sauran biyun ma za su yi sanyi fa. A riƙa juya mutane duk wata uku, kuma adminci ma a riƙa juyawa, domin abin da na gani a baya mutum ɗaya ke ɗauke da komai kamar Anti Sadiya yanzu, ranar da ta haihu ko ta yi tafiya gurup ya mutu.

Zuwera (Jidda): Juya admin eh, juya 'yan uku a'a. Sirrin cinikina ba zan riƙa nuna wa sabbin mutane duk wata uku ba.

Nura (Madina): Haka ne kuma. To a bar wa kowane uku, waɗanda nasu ke tafiya su ci gaba, waɗanda nasu ya tsaya su faɗa a sake musu.

Iddirisu (Bronx): Sai taron kowa da kowa sau ɗaya a wata. Zoom na kyauta minti 40 yake yankewa, Google Meet awa ɗaya, dukkansu mutum 100. Kiran WhatsApp mutum 32 ne iyaka, mu mun fi haka amma ban jin za mu taɓa cika duka. Ni na fi son Meet, a kashe kyamara saboda data. Lokaci kuma dan Allah a tuna da mu, yanzu Ghana tana gabanmu da awa 4, daga Nuwamba in an juya agogo a nan ya zama 5, Zuwera kuma tana gabanku da awa 3. In kuka sa bayan isha ƙarfe 8 ita 11 na dare kenan.

Zuwera (Jidda): Ba zan iya 11 ba, asuba nake tashi aiki.

Malam Awudu (Asawase): Lahadi bayan la'asar fa, ƙarfe 4 da rabi? Na sallami yara lokacin, kuma a gama kafin magariba.

Iddirisu (Bronx): Sha biyu da rabi na rana a nan, ya yi min.

Zuwera (Jidda): Bakwai da rabi a nan, zan yi ƙoƙari, in na makara minti goma salla ce.

Fusena (Tafo Zongo): Lahadi ranar aure da suna ce fa a zango, wasu watannin za a rasa mutane.

Sadiya (Aboabo): Ba ranar da ba ta da nata. A ɗauka a haka, kuma duk taro mutum ɗaya ya rubuta abin da aka yi a takarda ɗaya ta Google Docs, wani kuma ya yi saƙon murya na minti uku da Hausa saboda su Hajiya da wanda bai samu shiga ba.

Kawu Tanko (Suame Magazine): Tunda ana maganar wata wata, me zai hana mu haɗa da susu, wato adashi? Sidi 100 kowa, yanzu ma an cire E-levy, harajin tura kuɗi ta waya, tun Afrilu 2025 tura kuɗi ya yi sauƙi. Kuɗi na riƙe mutane, wanda ya zuba ba ya fita gurup.

Nura (Madina): Kawu wanda ya kwasa shi ke fita.

Malam Awudu (Asawase): Alhaji niyyarka mai kyau ce amma ina roƙo a jinkirta. Adashi tsakanin mutanen da suka san gidan juna ake yi, in wani ya gaza a san ƙofar da za a buga da wanda za a kai wa ƙara. Mu rabinmu ba mu taɓa musabaha ba. Mu yi wata shida muna duba wa juna littafi, a nan za a san mai cika alkawari, sannan waɗanda suke so su yi nasu a gefe da rubutu da shaidu, kar ya zama na aji duka.

Kawu Tanko (Suame Magazine): Na karɓa Malam. Wata shida zan tuna muku.

Hajiya Mariya (Alabar), saƙon murya: Ku dai kar ku manta zumunci a ƙafa yake. Duk wannan na waya ne. Bayan babbar salla 'yan Kumasi ku zo gidana in dafa muku tuwo, 'yan Akra ma wanda zai iya hawa mota ya zo akwai wurin kwana.

Bashiru (Nima): In sha Allah Hajiya, mu na Nima da Mamobi da Madina mun kai sha biyu, za mu fara haɗuwa a nan tukuna. Kuma maganarki ta tuna min, ranar 14 ga Maris 2024 cikin azumi da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke, kwanaki aka yi ana fama a ƙasar nan, ranar duk abin da ke Drive kamar yana wata duniya. To kwafi ɗaya a filashi a Kumasi ɗaya a Akra, a sabunta duk wata uku, kuma kowa ya rubuta lambar 'yan ukunsa a takarda.

Sadiya (Aboabo): Jama'a Madam ta amsa. Ta ce takardun darasi da samfurin Sheets na kuɗin shiga da fita da na bashi duk mu ɗauka namu ne, har ta ce za ta ƙaro mana biyu. Bidiyo kuma ta ce a'a, domin akwai fuskokin mutane da lissafin shagunansu na gaske da aka yi misali da su a aji, ba ta da ikon bari su fita. Ta ce wanda ke son wani darasi ya sake kallo kafin ƙarshen wata ya rubuta abin da yake buƙata.

Zuwera (Jidda): Wlh na ji daɗi da ta hana, nawa lissafin yana cikin na sati na bakwai.

Bashiru (Nima): To na goge wanda na sauke. Matsalar 12GB ma ta tafi, takardun duka ba su kai 200MB ba. Shawara, bidiyo 24 ne, mutum 24 kowa ya ɗauki ɗaya ya kalla ya rubuta shafi ɗaya da kalmominsa ba sunan kowa ba lambar kowa, mu haɗa a Docs ya zama littafinmu. Na ɗauki na 1.

Nura (Madina): Ba ni na 9, na ribar kaya, shi ne ya fi ba ni wahala. Kuma ku sa ni cikin masu riƙe akawun in ba wanda ya ƙi.

Malam Awudu (Asawase): Ba wanda ya ƙi. Nura, Fusena, Bashiru. Lambar dawo da akawun ta Fusena tunda kullum tana shago. Ni a ba ni na zakka da ware jari, na 20 ne ina ji.

Sadiya (Aboabo): Na 21 ne Malam, na rubuta maka. Zan sa ƙuri'a yanzu a kan Lahadin farko ko ta ƙarshen wata, kowa ya danna kafin gobe da dare, sai jerin bidiyo kowa ya sa sunansa. Amma ina duba waɗanda suka karanta saƙonnin nan, mutum 38 ne, biyar ba su buɗe ba. Huɗu na san dalilinsu. Rukayya ce ban sani ba, tun sati na goma ba ta shiga aji ba, aikin ƙarshe ma ba ta miƙa ba, na kira sau uku a kashe. Akwai wanda ya ji daga gare ta?

Iddirisu (Bronx): Mun yi aikin rukuni tare a sati na takwas, ta ce min mahaifinta ba lafiya suna zuwa asibiti. Daga nan ban ƙara ji ba.

Fusena (Tafo Zongo): Ta taɓa ce min yayarta na saida koko da ƙosai a Sawaba kusa da masallaci. Gobe da sassafe kafin in buɗe shago zan hau pragya, keke mai ƙafa uku, in je in tambaya.

Hajiya Mariya (Alabar), saƙon murya: Fusena ki biyo ta wurina ki karɓi goro ki kai wa tsohon. In kin same ta ki ce mata akwai wurin mutum ɗaya a ukunmu ni da Sadiya.

Fusena (Tafo Zongo): To Hajiya, ƙarfe shida da rabi ina ƙofarki in sha Allah.